Ƙaura Zuwa Tsibiri: A Auna Zurfin Ruwa Kafin A Tsoma Ƙafa

A 'yan shekarun nan wani sabon kwaɗayi ya shiga zukatan ma'aikata da malaman makaranta, watau kwaɗayin tattara komatsai a koma wata ƙaramar ƙasa ta tsakiyar teku a zauna. Hotuna ne su ka jawo shi: farin rairayi, shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa, ba ƙura, ba hayaniya. Mutum ya duba hoton, ya dubi albashinsa da ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ransa ya raya masa cewa can ne hutu ya ke. To, jama'a, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari mu ɗauki ƙasa guda daga cikinsu, watau Morishas, mu auna ta, gama ita ce a ke yawan kafa misali da ita.

Morishas tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin mil 1,200 daga gaɓar Afirka. Babban tsibirinta tsawonsa wajen mil 40 ne, faɗinsa bai kai 30 ba. Mutanenta duka wajen miliyan 1 da dubu 250 ne, ba su kai mutanen birnin Kano ba. Mutanen Holan su ka fara zama cikinta, Faransawa su ka karɓa a 1715, Ingilishi su ka ƙwace a 1810, ta sami mulkin kai ran 12 ga Maris, 1968.

Kada a ce kwaɗayin nan ba shi da dalili. Tun daga 1968 ba a taɓa juyin mulki a ƙasar ba, ba ta ma ajiye rundunar soja irin ta sauran ƙasashe. A zaɓen Nuwamba 2024 'yan hamayya su ka ci kujeru 60 daga cikin 62 da a ka jefa wa ƙuri'a, Gwamnati ta sauka salin alin. Magani kyauta ne a asibitocin Gwamnati, an kuma kawar da zazzaɓin maleriya. Mabiya addinin Hindu su ne kusan rabin jama'a, sa'an nan Kirista, sa'an nan Musulmi wajen mutum 1 cikin 6, ga babban masallacin Juma'a a Port Louis tun wajen 1850 da 'yan kai. Wanda ya yi sha'awar zama a wuri irin wannan bai yi wauta ba.

Amma tambayar da ya kamata mai niyya ya fara yi ita ce: ta wace ƙofa zan shiga? Gama ƙasar ba ta buɗe ƙofofinta don tausayi ba, ciniki ta ke yi. A 2020, lokacin da annobar korona ta tsai da zuwan 'yan yawon buɗe ido, ta fito da wata biza ta shekara guda wadda a kan sabunta. Sharaɗinta shi ne baƙo ya nuna yana samun aƙalla dala 1,500 kowane wata daga wata ƙasa dabam, ba shi kuma da izinin neman aiki a cikin tsibirin. Ku da ku ka san lissafi, ku buga. A canjin 2025 kuɗin nan sun haura Naira miliyan 2, alhali mafi ƙanƙantar albashi da a ka tsayar a Nijeriya a 2024 Naira 70,000 ne. Watau abin da a ke so mutum ya nuna na wata guda ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 30. Akwai wata ƙofa kuma, ta mai sayen gida a unguwannin da a ka keɓe wa baƙi: in gidan ya kai dala 375,000 sai a ba shi takardar zama. Wannan ƙofa ta attajiran Faransa da na Afirka ta Kudu ce, ba ta malamin firamare ba.

Saura ƙofa ta uku, ta 'yan ƙwadago. Dubban mutane daga Bangaladash da Indiya da Madagaska suna aiki a masaƙu da wuraren gini na ƙasar, da yawansu suna kwana a ɗakunan da kamfani ya ba su, takardarsu kuwa a ɗaure ta ke da mai aikin da ya kawo su. Wannan ba sabon abu ba ne a tsibirin. Bayan an hana bauta a 1835, Ingilishi su ka yi ta kwaso leburori daga Indiya, kusan rabin miliyan, don noman rake. Su ma da alkawarin daɗi a ka ɗebo su. Jikokinsu ne ke mulkin ƙasar yau, amma a tambayi tarihi irin wuyar da kakannin su ka sha.

Har wa yau akwai abin da mai ɗaukar hoto ba ya nunawa. Tsibiri ƙarami ba ya ciyar da kansa. Yawancin abincin Morishas, har da shinkafa da alkama, da man fetur duka, a jirgin ruwa a ke kawo su, saboda haka tsada tana biye da su. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne. Wadda a ka yi a 1960 ta kashe fiye da mutum 40, ta rushe gidaje dubbai. Ta Janairun 2024 kuwa ta cika titunan Port Louis da ruwa har motoci su ka yi ta yawo a kansa. A 2020 wani jirgin ruwa mai suna Wakashio ya daki duwatsun gaɓa, ya zubar da mai wajen tan 1,000 cikin ruwan nan da a ke yabo. A shekarar nan dai arzikin ƙasar ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100, domin ya jingina ƙwarai ga baƙi masu zuwa hutu. Ƙasar da ke cin abinci da baƙi, ran da baƙi su ka ɗauke ƙafa, baƙon da ya zauna shi ke fara jin jiki, tun da ba shi da gona, ba shi da dangi.

Sa'an nan ga maganar harshe. Ko da ya ke da Ingilishi a ke yawancin rubuce-rubucen Gwamnati, a kasuwa da gida Kiriyol a ke yi, jaridu kuwa galibi da Faransanci su ke fita. Baƙo ko da ido makaho ne. Abin lura kuma, samarin ƙasar da kansu suna fita neman aiki Kanada da Ostareliya da Faransa. In masu gida suna fita, ya kamata mai shiga ya tsaya ya tambayi dalili.

Wani zai ce, ashe tafiya ba mabuɗin ilmi ba ce? Haka ne, ba ni kuwa hana kowa tafiya. Abin da na ke bambantawa shi ne tafiya da gudu. Ɗalibin da ya sami gurbin karatu, da likita ko malamin da a ka ɗauka aiki da takarda a hannu tun kafin ya hau jirgi, waɗannan su tafi, Allah ya kai su lafiya. Tun 1987 Gwamnatin Tarayya ke da shirin aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karibiyan da na Fasifik, su yi shekara 2 su komo; wannan hanya ce mai mutunci. Amma wanda zai sayar da gonar gado, ya ajiye aikin fansho, ya miƙa kuɗinsa ga dillalin biza don ya ga hoto, wannan ya sayi da-na-sani da tsada.

Abin da ya fi dacewa mu ɗauka daga Morishas ba rairayinta ba ne. A 1961 wani masanin tattalin arziki na Ingila, James Meade, ya bincika ƙasar ya ga ba ta da kome sai rake, ga jama'a na ƙaruwa, ya yi mata hasashen wahala. Ba ta da mai, ba ta da zinariya. Abin da shugabanninta su ka yi, tun daga Firayim Minista na farko, Sir Seewoosagur Ramgoolam, shi ne su ka buɗe masaƙu daga 1970, su ka mai da karatun sakandare kyauta a 1977, daga baya a 2019 a ka ɗauke wa 'yan ƙasa kuɗin digirin farko a jami'o'in Gwamnati. Zaman lafiyar nan da a ke kwaɗayi a aji da ofis a ka gina shi, da hannun malamai da akawuna waɗanda su ka tsaya a bakin aikinsu. Teku tun fil azal tana nan, ba ta kuwa taɓa koya wa yaro karatu ba.

Saboda haka, mai niyyar ƙaura ya tambayi kansa abu 3: da wace takarda zan zauna, da wane kuɗi zan ci, in abin ya ƙi kuma da me zan komo? In ya sami amsa, ya yi haramarsa. In bai samu ba, ya riƙe allinsa da alƙalaminsa, gama da su ne waɗancan su ka gyara tasu ƙasar. Allah ya sa mu gane, amin.