Saya ko Haya?

Tsakanin "saya" da "haya" harafi guda ne, kuma shi kamfanonin mota ke son shafewa. A 2022 BMW ta fara karɓar kimanin dalar Amurka 18 kowane wata kafin ta kunna ɗumin kujera. Na'urar fa tana cikin motar tun daga masana'anta, amma sai an buɗe maka ita ta intanet! Jama'a suka yi ca, ta janye a 2023. Ni ban yarda sun tuba ba, gwaji ne.

Za ku ce mu da zafin Damagaram ya ishe mu, ina ruwanmu da ɗumin kujera? Da ruwanmu, ƴan uwa. Tsofaffin motocin Turai wajenmu suke ƙarewa. Ranar da makullin ya koma kwamfutar Jamus, bakaniken Maraɗi me zai kwance?