Baƙo Daga Sama Da Itatuwan Sifawa

A shekarar 1951 Amurkawa suka fito da wani fim mai suna The Day the Earth Stood Still, watau ranar da duniya ta tsaya cik. Labarin wani baƙo ne, Klaatu, wanda ya sauko birnin Washinton daga wata duniya don ya gargaɗi mutane a kan makaman ƙare dangi. Da aka sake shirya fim ɗin a 2008 sai tuhumar ta sauya. Laifinmu ya zama ɓata ƙasa da ruwa da iska, baƙon kuwa ya zo ya kawar da 'yan Adam don sauran halitta su tsira.

Ƙanzon kurege ne, hukunci kuwa na Allah ne Shi kaɗai. Amma da a ce mai bincike irin wannan zai sauka Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya zaga ƙasar Boɗinga da Shagari, me zai rubuta? Zai ƙidaya kututture a gonaki, ya ga itace da gawayi sun nufi birni.

A fim ɗin baƙon ya janye hukuncinsa da ya ga mutane suna sake hali in wuya ta kai wuya. Wannan kam gaskiya ne, shaida tana maƙwabta. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi suka rage sare tohon da kututture ke fitarwa. Sukan zaɓi reshe mai ƙarfi, su sassabe sauran, su bar shi ya girma. Gawo ma ya fi kowane itace biyan mai gona: yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar, akasari ba dashe, ba ban ruwa. Abin da ya ƙarfafa manomi shi ne sanin itacen gonarsa nasa ne.

Ba mu raina dashen ranar biki ba, sai dai sau da yawa awaki kan riga damina zuwa wurinsa. Kamata ya yi kowane shugaban makaranta ya kai yara gona kafin sharar bana, su koyi sassabe toho da hannunsu. Akawunan ƙananan hukumomi kuma su nemo abin da dokar daji ta ce game da itacen gona, su karanta wa masu unguwanni da Hausa.