A Mayar da Darasin Waƙa Kunnen Ɗalibai

Ɗalibin sakandare da ke shirin jarrabawar Hausa yakan iya jero sassan waƙa kamar karatun allo: jigo, salo, zubi da tsari, amsa-amo, kari. Zai faɗi cewa ƙwar biyu baiti ne mai ɗango biyu, ƙwar biyar mai ɗango biyar. Amma a miƙa masa baiti guda a ce ya rera, sai ido ya raina fata. Ya haddace sunayen sassan tsaf, kunnensa kuwa bai taɓa jin yadda suke aiki ba. Laifin na tsarin koyarwa ne, wanda ya mayar da waƙa abin kallo a takarda.

Matsalar ta fi fitowa a wajen kari. Karin rubutacciyar waƙar Hausa ya dogara ne da nauyin gaɓa: gaɓa mai gajeren wasali sassauƙa ce, mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi kuma mai nauyi. Haka abin yake a Larabci, shi ya sa ma'aunin aruli da Khalil bin Ahmad ya tsara a Basra tun ƙarni na 8 ya zauna wa Hausa daram, har malamai suka yi ta gina waƙoƙinsu a kan mutaƙarab da kamil da basiɗ da ramal. To, ga inda gizo ke saƙa: rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Ajami ya fi kusa da nuna shi, domin yana ƙara alif ko wawu ko ya. Wato yaron da aka ba waƙa a boko aka ce ya gano karinta da ido, an aike shi neman abin da ba a rubuta ba. Da malami zai rera baitin sau biyu yana buga tebur, da yaron ya kama tun kafin a tashi daga aji.

Amsa-amo ya fi sauƙin ganewa, tunda ana ganin harafin da ke maimaituwa a ƙarshen ɗango. Shi ma dai don kunne aka yi shi. Babban amsa-amo, wanda ke dawowa a ƙarshen kowane baiti, shi ne igiyar da ke riƙe doguwar waƙa kada ta watse, shi ne kuma ke taimakon mai haddacewa ya san inda ya tsaya.

Shaida tana nan a Zariya. Aliyu Namangi makaho ne, amma ya tsara Imfiraji, waƙa mai ɗaruruwan baitoci a sassa da yawa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Manazarta sun lura cewa karinta ya dace da ramal, kuma yana tafiya da kiɗan caji na makaɗan gari. Mutanen da suka fi yaɗa ta ba a littafi suka same ta ba. Almajirai da makafi ne suka riƙa rera ta ƙofa-ƙofa. Tun kafin nan, a ƙarni na 19, jajin Nana Asma'u da 'yan taru da ka suke kai waƙoƙinta ƙauyuka.

Wannan ya kai ga batu na biyu, wato doguwar waƙar labarin jarumai da kafuwar dauloli, wadda ita ma da ka ake yaɗa ta. A 1970 manazarciya Ruth Finnegan ta rubuta cewa irin wannan waƙa da wuya a same ta a Afirka kudu da Sahara. Isidore Okpewho ya mayar mata da martani da littafi sukutum a 1979. Hujja kuwa ba ta yi nisa ba. Tun 1960 Djibril Tamsir Niane ya buga labarin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali, kamar yadda ya ji daga bakin maroƙin gado Mamadu Kuyate. A Saga, kusa da Yamai, Thomas Hale ya naɗi labarin Askiya Muhammadu daga bakin Nuhu Malio a 1980 da 1981, ya fito da layi sama da 1,600. Duk waɗannan suna da abubuwa iri ɗaya: jarumi mai haihuwar ban mamaki, gudun hijira ko ƙuntatawa, asiri, yaƙi, sai jerin zuriya.

Hausawa sun bi tasu hanyar. Labarin Bayajida da macijiyar Kusugu yana da kusan duk waɗannan siffofi, sai dai a zube ake ba da shi. A waƙe kuma akwai Waƙar Bagauda mai jero sarakunan Kano tana cakuɗa tarihi da wa'azi, akwai Waƙar Gewaye mai bin sawun hijirar Shehu Usmanu da yaƙe-yaƙensa, wadda Asma'u ta tsara da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar Hausa. A ɓangaren baka, duk wanda ya saurari Ɗan Anace yana wasa ɗan dambe Shago ya san an gina jarumi da kirari da zuga da labarin karawa ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi na dawo da gindin waƙa. Ko a kira ta waƙar jarumta ko ta yabo, gardamar masana ce. Ɗalibi dai ya kamata ya fara jin ta.

Ba littattafan nazari ne suka yi ƙaranci ba. Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa da ta baka, kuma ana karanta su a kwalejoji. Abin da ya ɓace shi ne murya. Tsofaffin faya-fayen gidajen rediyo na Kaduna da Kano da Sakkwato suna ɗauke da muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Aƙilu Aliyu, kusan kowane malami kuma yana da wayar da za ta iya kunna su a aji.

Hukumomin tsara manhaja da na jarrabawa su sa rerawa da saurare cikin abin da ake ba maki. Malaman Hausa kuma kada su jira takarda daga sama: duk waƙar da za a nazarta, a fara jin ta da murya kafin a buɗe littafi.