Kafin A Malale Tsakar Gida Da Siminti



Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedkwatarta, garin bai huta da gini ba. Ma'aikatan da aka kwaso daga Kano sun fara da zaman haya, daga baya suka mallaki nasu a Takur da Fatara da Danmasara, buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 kuwa ya daɗa jawo jama'a. Wannan duk abin godiya ne. Amma akwai wata al'ada da ta shigo tare da sababbin gidajen nan wadda muke so mu ja hankali a kanta, watau da an gama gini sai a malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. In Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, daɓen nan ya yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita, mai gida ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma. Uwargida kuwa ko zogalen kwaɗo take so sai ta aika kasuwa.

Shuka ba ƙaramin matsayi gare ta a Musulunci ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi sadaka. Ruwayar Jabir da ke cikin Muslim har abin da aka sata ta haɗa. Saboda haka Alhajin da yaran unguwa suka jefe wa mangwaro ya rage faɗa, ba asara ya yi ba.

Wanda ya tare a sabon gida ya fara da duba ƙasarsa. Yawancin ƙasar wannan yanki jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ba ta riƙe ruwa, ga shi kuma magina sukan binne ɓaraguzan bulo da buhunan siminti a bayan gida su tafi. Sai a tone waɗannan a fitar. Kowace itaciya a haƙa mata rami kamu guda da rabi, zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi, ya kuma kira gara. Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A fara da zogale da gwanda, su ne ba su gajiyar da mai haƙuri kaɗan, gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda. Gwaiba da lemun tsami su biyo baya. Mangwaro kuwa a nemi mai aure, shi ne ke haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4.

Dabino ya cancanci magana ta daban, gama Dutse garinsa ne, har cibiyar bincike ta NIFOR tana da reshe a nan musamman dominsa. Dabino akwai namiji akwai mace, wanda ya shuka ƙwallo kuwa bai san abin da zai fito ba sai bayan shekaru, wajen rabi maza ne. Abin da ya fi shi ne a samo ɗan da ya tsiro a gindin uwar da aka san daɗinta a dasa, in ta yi fure a ɗebo furen namiji a saka mata. Mutanen Madina haka suke yi tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya bar musu sanin sana'arsu.

Kayan miya kowanne da lokacinsa. Damina ta kuɓewa ce da rama da yakuwa da lalo da alayyafo. Tumatir da albasa da latas da karas sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Fangali biyu ko uku sun ishi gida, amma fa a yi shinge, akuya ɗaya takan gama da aikin wata uku kafin a idar da La'asar.

Mun san abin da mai karatu zai ce, ina ruwa? Gidan da ake salla sau biyar ba ya rasa ruwan ban shuka. Ruwan alwala mai tsarki ne, kullum kuwa sai mu bar shi ya bi kwata. In an gyara wurin alwala a gindin zogale ko gwanda, ko a ajiye bokiti a tara, an rage rabin wahala. Haka ruwan wankin shinkafa da na ganye. Game da ruwa mai najasa, Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa shukar da aka shayar da shi cikin abubuwa masu tsarki. To, amma tsarki daban, lafiya daban. Latas da tumatir da ake ci ɗanye kada a kusance su da ruwan kwata ko na masai, gama ta nan zawo da taifot ke shiga gida. Ruwan wanki mai omo da yawa kuma kashe ƙasa yake yi sannu a hankali.

Inda aka fi samun rigima shi ne tsakanin maƙwabta, filayen yanzu kuwa ƙanana ne. Malamanmu na Malikiyya sun yi hukunci cewa itaciyar da aka dasa bayan an gina bango, in ta cuci bangon maƙwabci, ana yanke abin da ya cutar daga gare ta. Ashe mai hankali ba zai dasa mangwaro ko darbejiya a jikin katanga ba, ya ja su taku biyar ko shida, nesa kuma da ramin masai. Sun kuma ce ba a hana mutum hawa dabinonsa, amma ya sanar kafin ya hau, don iyalin maƙwabci su kintsa. Wannan hukunci ya hau kan yaron da aka aika ya tsinko mangwaro kamar yadda ya hau kan mai gida. Ganyen da iska ke zubarwa gidan maƙwabci kuwa, kwanon gwaiba da za a aika masa in ta nuna yakan kashe maganarsa.

Saura zakka, wadda 'yan kasuwa ke yawan tambaya. A mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan kayan lambu da 'ya'yan itatuwa irin su mangwaro da gwaiba da lemo, haka Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai. Dabino kam yana cikin abin da ake fitar wa zakka in ya kai nisabi, watau wusuƙi 5, sa'i 300 ke nan, kimanin kilo 650. Wanda ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. Da wuya itatuwa biyu ko uku na bayan gida su kai haka. Wanda lambunsa ya yalwata har yana kai tumatir ko gwanda kasuwar Shuwarin, kuɗin da ya samu ne ake dubawa, in sun kai nisabin kuɗi kuma suka shekara a hannunsa, sai ya fitar musu da zakka.