A Je Dutse da Ido, a Bar Danko a Gida

Yaron Gyaɗi-Gyaɗi ko na Tarauni ba ya rasa ganin namun daji. Gidan dabbobi na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, yana nan kusa. Ran Salla yara sukan cika shi maƙil don kallon zaki da kura da jimina. Amma a tambayi ɗayansu sunan furen da ya tsiro a bayan katangar gidansu, sai ya yi zuru. Ya san dabbar da ke cikin keji, bai san wadda ke yawo a sake ba. Wannan kuwa hasara ce.

Unguwannin nan biyu a shimfiɗe suke, babu dutse. Dā gonaki ne suka kewaye su, yau gidaje sun cinye gonakin. Dala da Goron Dutse suna cikin birni, su ma gidaje sun matse su. Saboda haka ya kamata malamai da iyaye su riƙa fita da yara ƙauye, ko da sau ɗaya ne a damina. Hanyar Zariya ta bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ta nufi kudu. Wanda ya bi ta, ya ratse wajen Rano, zai iske duwatsu manya da ƙanana, ga gonaki a gindinsu.

To, me yaro zai gani a can? Tun bai fara hawa ba zai tarar da tumfafiya, mai fure fari da shunayya. In ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin ganyenta, watakila ya ga wata tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya tana cin ganyen. Wannan tsutsa 'yar malam-buɗe-littafi ce, mai fiffike ja-ja da baƙin gefe. Uwar takan saka ƙwai a jikin ganyen, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. In tsutsar ta ƙoshi sai ta rataye, ta dunƙule cikin ɗan kwanso, bayan 'yan kwanaki ta fito da fiffike. Ruwan tumfafiya yana da dafi, dafin kuwa yakan zauna a jikin tsutsar har ta girma, shi ya sa tsuntsaye ba su cika cin wannan malam ba. Shi ma yaro ya kiyaye, kada farin ruwan ya taɓa masa ido.

Ba kowane kyakkyawan fure ne abin so ba. A cikin dawa akwai ƙuduji, furensa gwanin sha'awa, amma saiwarsa tana maƙale da ta dawa tana tsotse mata abinci. Yaron birni ya ce kai, ga kyau! Manomi kuwa ya tumɓuke shi da fushi.

A kan dutse jan gwada yana gyaɗa kai a rana. Kurege yakan tsaya da ƙafa biyu ya duba, sa'an nan ya arce cikin rami. Duk wannan sai mai haƙuri, wanda ya zauna shiru, yake gani. Mai danko ba ya ganin kome sai abin harbi, da ya saki dutse ɗaya kuwa wurin ya watse.

Wani zai ce tsuntsu ai ba ya ƙarewa. Haka mutanen dā suka zata game da ungulu. Tsofaffin Kano sun san lokacin da take cika mahauta tana share mushe kyauta. Yau da wuya a gan ta. A shekarar 2015 masana na duniya suka sa irin wannan ungulu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ba yara ne suka jawo haka ba, guba ce da masu kama ta don tsubbu.

Guzurin wannan tafiya kaɗan ne: takalmi, da gorar ruwa, da littafi, da fensir. Kada yaro ya cusa hannu a kogon dutse, don maciji da kunama. Abin da ya gani ya zana shi, in bai san sunansa ba ya gai da manomi ya tambaya. Ya kuma rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa bana, baɗi ya duba ko ta riga ko ta makara.