Babban famfon mai ba ya ƙara wa mota gudu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tsakanin samarinmu masu gyara mota don tsere da wasan juyi, daga Kano zuwa Kaduna har Abuja. Wai in kana so motarka ta tashi, ka cire famfon man da ta zo da shi ka sa babba. Ana faɗin ta a bakin gareji, ana faɗin ta a rumfunan kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma mai faɗin ya kan dafa ƙirji kamar shi ya ƙera injin. Wannan makon mun zo ne mu ce maganar ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ke cin kuɗi, wani lokacin ta ci mota ɗungurungum.

Aikin famfo ɗaya ne tak: ya ɗauko mai daga tanki ya kai shi layin injekta a kan wani matsi, a yawancin motocin da muke hawa wajen ba 3 zuwa 4. Mai yanke hukuncin yawan man da zai shiga inji ita ce kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. Ita ke auna iskar da ta shigo, sannan ta buɗe injekta na ɗan lokacin da zai ba da man da ya dace da wannan iskar. A tafiya ta yau da kullum tana neman kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Ke nan in iska ba ta ƙaru ba, inji ba shi da abin da zai ƙona ƙarin mai da shi. Wanda ya ƙara ruwa a tukunya bai ƙara gari ba, bai ƙara tuwo ba.

Mu yi lissafi, tun da lissafi ba ya jin kunyar kowa. Injin fetur marar turbo, in an taka shi har ƙasa, yana shan kusan sulusin lita a awa kan kowane ƙarfin doki ɗaya. Honda Accord ta 2003 mai inji 2.4, wadda muke kira Diskoshan, tana da ƙarfin doki 160. Iyakar buƙatarta wajen lita 50 ce a awa. Shahararren famfon nan Walbro 255 kuwa, lambar da ke jikin sunansa tana nufin lita 255 a awa. Ninki biyar ke nan na abin da injin zai iya sha. To ina sauran ya tafi? Ya koma tanki, ya sake zagayowa, ya sake komawa. An biya kuɗi don a riƙa wahalar da fetur.

Za a ce mana, to ai ko bai ƙara ba bai rage ba, gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Nan ne muka fi saɓani da masu wannan ra'ayi. Na'urar daidaita matsin mai da kamfani ya sa, an ƙera ta ne daidai da ƙaramin famfo. In aka turo mata abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronta, ba ta iya mayar da rarar da sauri, sai matsi ya hau lokacin da mota ke tsaye a silo. Mai ya yi wa inji yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen fetur, mota ta koma shan mai kamar raƙumi ya ga ruwa. Ga kuma zafi. Duk man da ya bi ta cikin famfo yana ɗaukar zafin motarsa, kuma wannan man shi ne ke sanyaya famfon. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafi, wa ke cika tanki? Yawancinmu lita biyar muke zubawa mu fita. Ɗan man nan shi zai yi ta zagayawa a ranar Afrilu mai zafin da ke haura digiri 40, har famfon ya fara kuka.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wayarin. Babban famfo ya fi jan wuta, wayar da mota ta zo da ita kuwa siririya ce. Fis ya ƙone sau ɗaya, ya ƙone sau biyu, sai wani mai wayarin ya ce a bar shi da ita. Ya naɗa waya a gurbin fis, ko ya ja wuta kai tsaye daga makulli zuwa famfo, ya tsallake kwamfuta. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Abin da bai faɗa wa mai motar ba shi ne, kamfani da gangan ya sa famfo a ƙarƙashin ikon kwamfuta, don in inji ya mutu famfo ya tsaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. In an tsallake wannan, ranar da motar ta bugi wani abu bututun mai ya fashe, famfo zai ci gaba da fesa fetur a kan inji mai zafi muddin makulli na kunne. Kuma muna magana ne a kan motocin da ake juyi da su a tsakiyar taron biki, yara na kewaye. Wannan ba gwaninta ba ce, kuma duk mai wayarin da ya yi ta ya san abin da ya cire.

Kada a ce muna gaba da babban famfo. Akwai ranarsa. In an ɗora wa inji turbo, an tura masa iskar da ta ninka ta da, dole mai ya bi iska, har ma a ƙara a kai, don a cikin matsi ana saukar da lissafin zuwa wajen kashi 11 da rabi ko 12. Injin turbo mai ƙarfin doki 300 yana neman sama da lita 100 a awa. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: duk ba 1 da turbo ya ƙara, sai matsin mai ma ya ƙaru da ba 1 don injekta ya iya fesawa, kuma gwargwadon hawan matsi gwargwadon raguwar abin da famfo ke iya turowa. Tsohon famfon da ya yi shekara ashirin a tanki zai gaza ne daidai lokacin da aka taka totur har ƙasa. Mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, inji ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya narke. Abin takaicin shi ne yadda lamarin ya juye: mai Diskoshan da bai canza komai ba sai salansa yana sayen famfon lita 255, wanda ya ɗora turbo a tsohuwar BMW kuma yana cewa kuɗi sun ƙare a kan rim da fenti.

Ko a ranar da ta dace, famfo ba ya tafiya shi kaɗai. Yana son injekta da za su iya ɗaukar abin da ya kawo, da na'urar daidaita matsi daidai da shi, da sabuwar waya mai kauri daga batir tare da rile da fis nata, rilen kuma ya karɓi umarni daga tsohuwar wayar kwamfuta don kariyar nan ta zauna. Guntun tiyon da ke cikin tanki sai wanda aka yi don zama cikin fetur, don na gama-gari yana kumbura ya fashe. Sannan a sake saita kwamfuta. Jabu kuma ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, don haka famfon da aka ce Walbro ne ko Bosch amma farashinsa bai kai rabin na gaske ba, a ajiye shi inda aka gan shi.

Buƙatarmu ga makanikai ba ta da yawa. Kafin ka ce wa mutum famfonsa ya yi kaɗan, ka ɗaura gejin auna matsin mai, ka nuna masa allurar tana faɗuwa a lokacin da injin ke cikin aiki mai nauyi. In ba ta faɗi ba, famfon ba shi da laifi. In ta faɗi, a fara duba filta da wutar da ke isa famfo, don toshewar filta da raunin waya suna kawo alama iri ɗaya, kuma gyaransu bai kai kuɗin sabon famfo ba. Kai kuma mai mota, in bakanikenka ba shi da gejin, tambaye shi da me ya gane. In ya ce da kunne, ɗauki makullinka.