'Yar Ruwan Garinmu Ma Ta Isa Shiga Littafi

Tun da na bayyana cewa littafina na gaba labarin soyayya ne tsakanin wani saurayi masunci da 'yar ruwa, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu murna suke yi, wasu na cewa na bar hanya, wata baiwar Allah ma cewa ta yi in ji tsoron Allah kada in koya wa yara bori. To, ga amsata.

Na fi shekara ashirin ina rubuta labaran kishiyoyi da auren dole, ban taɓa kusantar irin wannan ba, sai ranar da 'yata ta karanta mini wata tatsuniyar mutanen Ailan a wayarta: wata mace ce da ke zaune cikin teku da fatar dabba, ta fito gaɓa ta tuɓe fatar, wani masunci ya ɓoye ta ya aure ta. Suka haifi 'ya'ya, amma ranar da ta gano inda fatar take, ta koma ruwa ta bar shi da hawaye. Wallahi sai jikina ya yi sanyi, domin kakata ta sha ba mu labarin 'yan ruwa a tsakar gida a Dandin Mahe, lokacin farin wata. Abin da nake jin kunyar ɗauka, ashe wasu sun mai da irinsa littattafai da finafinai.

Ku duba littattafanmu na yaƙi da tsafi. Ina jinjina wa irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, sun riƙe masu karatu ƙwarai. Amma mu marubuta yaushe za mu daina kai jarumanmu birnin Misra da birnin Sin? In soyayya ce kuma, sai mu leƙa Indiya. Shin fadamun Shagari da tsofaffin kukokin ƙasar Bodinga ba su da abin ban al'ajabi ne?

Wani abin da zai ba ku mamaki: tatsuniyoyinmu sun riga mu zuwa Ailan. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, a birnin Belfast, kuma da yawa daga cikinsu malamai ne suka rubuta su da ajami a ƙasar Sakkwato, Razdan Burdon ya tattara. Su kuwa mutanen Ailan, daga 1937 zuwa 1939 suka tura 'yan makaranta sama da 50,000 gun kakanninsu su rubuto labaran da ke bakinsu, ana nan ana karanta su har a intanet. Mu fa? Kakata ta rasu da nata a ciki, abin da na riƙe bai kai goma ba.

Ga masu maganar addini, ban raina damuwarku ba. Ni ma ba zan rubuta littafin da ake roƙon aljani biyan bukata har a nuna ya yi kyau ba. Amma ambaton aljanu a labari daban, bauta musu daban. Abubakar Imam ya kai jarumin Ruwan Bagaja wurin aljanu, Bello Kagara ya yi haka a Ganɗoki, duka a 1934 suka fito, kuma da su aka karantar da mu a makaranta. Wa ya bar salla saboda su? Mun ga yadda aka ƙona littattafai a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, tsoron da ya biyo baya ya sa wasunmu sun koma rubutun da ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma motsa kowa.

A nawa labarin, masuncin bai ɓoye fata ba, ƙwaryarta ta zinariya ya ɓoye. Tambayar da ke cikinsa kuwa ta gidajenmu ce: macen da aka riƙe ta hanyar ƙwace mata hanyar komawa gida, za a ce tana son mijinta? Duk wadda ta san auren dole ta san amsar. Tatsuniya ta ba ni damar faɗin abin da in na faɗe shi kai tsaye, sai a ce da wane nake.

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta ita ce, duk mai tsohuwa a gida ya kunna waya ya naɗi muryarta tun tana da rai. Malaman firamare ma su sa ɗalibai su rubuto tatsuniya ɗaya ɗaya lokacin hutu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Babi na farko zai fito mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku karanta kafin ku yanke mini hukunci. Ƙurunƙus.